Layi na Sha Huɗu

Shekara ashirin da shida a ɗakin makamai na Ikeja,
ban taɓa harbin ko kurciya ba.
Aikina tsumma da mai, da littafin sa hannu,
da faɗa da tsatsa,
don iskar Ikko gishiri gare ta,
tana cin ƙarfe yadda gara ke cin zana.

A haƙarƙarin kowace bindiga akwai ɗan harshe
mai masauki uku.
Na farko barci.
Na biyu magana, kalma ɗaya, a numfasa.
Na ukun kuwa
baki ne da in ya ɓalle ba ya jin "tsaya".

Da takarda ta sauko daga ofis
cewa masu gadin titi a toshe musu masauki na uku,
ni aka miƙa wa kwalin.
'Yan ƙarafa ne, kowanne bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Kwana biyu ina ɗaurawa,
janareta na tari,
sauro na karɓar haraji a idon sawuna.

Habila ya zo ɗaukar tasa,
wata bakwai da sa kaki, wuyan rigar ma bai laushi ba.
Ya tura da babban yatsa, ta cije.
Ya sake turawa.
Ya ce, "Sajan Maikano, kun mai da ita sandar kiwo."
Na ce, "Sa hannu. Layi na sha huɗu."
Na ƙirga masa talatin a tafi.

Abin da ya biyo baya ban gani ba, ji na yi.
Daren Alhamis, gindin gada a Oworo,
ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya,
fitilun motoci sun narke a kwalta.
Wata danfo ta taho a guje,
tayarta ta fashe daf da shinge.
Tau!
Kunne bai tambayi ido ba,
yatsa bai tambayi kowa ba.
Yaron ya danne kunama, ya riƙe,
ya riƙe,
ya riƙe har gaɓarsa ta yi fari.

Bindiga ta faɗi kalma ɗaya ta yi shiru.

A cikin shirun nan ya ji kukan jariri,
ya ji wata tsohuwa na kiran Allah da Yarbanci,
ya ji ruwa na dukan rufin mota.
Mutum goma sha takwas suka fito ɗaya bayan ɗaya,
da ledar kifi, da baro na ɗan aike, da takalmi wari guda.
Kwandasta na riƙe da kunnensa na hagu,
jini na bin gwiwar hannu.
Ɗaya ma ba kaɗan ba ne.
Har yau, an ce, sai ka koma damansa yake jin kuɗin mota.

Da asuba Habila ya shigo jiƙe sharkaf,
ya zube su a kan tebur.
Muka ƙirga tare, don doka ce.
Ashirin da tara.
Ya ce a sake.
Ashirin da tara.
Biro ya ƙi zama a hannunsa,
sai da na danne masa takardar.

Ban ce ƙarfe na da tausayi ba.
Taurin kai kawai gare shi,
ya tsaya inda aka ajiye shi
daren da hankalin mutum ya bar wurin aiki.

Yanzu ina Agege, kusa da layin dogo,
ina gyaran kwado da sakata,
mabuɗi biyu ɗari biyar.
Guda ɗaya ya rage a kwalin nan, na taho da shi,
yana gwangwanin madara tare da ƙusoshi.
Jikata Talatu ta tambaye ni na wace ƙofa ne.
Na buɗe baki,
jirgin ƙasa ya zo wucewa.