Hawan Ayi Mensa

Likita ya ce wa Kawu Fusaini: tafiya ko allura.
Ya zaɓi dutse.

Asubar Asabar muka bar Nima,
mota ta zube mu a Ayi Mensa.
Muka saki kwalta, muka bi 'yar turba
ƙarƙashin rimi da kwakwar manja.
Raɓa ta jiƙa ni har gwiwa.
Wata tsuntsuwa da ban san sunanta ba
tana ta maimaita tambaya ɗaya.

Kawu na haki kamar zugazugi,
bakin dai bai huta ba:
"Shekara arba'in ina sayar da taya a garin nan,
ban taɓa ganin tsakar kansa ba."

Shanu bakwai a wani fili,
mai kiwonsu ya nuna mana hanya da sanda.

Can sama, Akra ta bazu kamar shanyar rogo,
teku ya yi mata dajiya.
Kawu ya nemi rufin gidansa,
ya nema,
ya rasa.

Ya zauna, ya kwance ƙunshin wake da shinkafa.
"Ashe abin da ke hana ni barci
bai kai ƙwayar gero ba."

Wajen saukowa
gwiwarsa ta ƙi yarda da zancen.