Kabeji da Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

A Tallinn, cikin Disamba, rana ba ta sallama,
ƙarfe uku da rabi ka waiga, ta tafi.
A irin wannan duhun ake nuna shirin zanen,
duk Asabar da yamma:
dodo mai dogon wuya, Mai Haɗiye Fitilu,
yana bin unguwa gida-gida,
tagar da ya leƙa, haskenta ya mutu.

Ni na yi masa sauti.
Sana'ata ce, shekara goma sha tara.
Takunsa, tsohon takalmin surukina ne a kan garin sitaci.
Ƙarar wuyansa, kabeji nake murɗawa a bakin makirufo.
Numfashin kuwa nawa ne, cikin butar shayi,
ranar da mura ta kama ni.

Malama Reet ta makarantar reno ta aiko da takarda:
yara uku sun daina barci, ɗaya ya jiƙa katifa,
iyaye arba'in da ɗaya sun sa hannu
a kai shirin tsakar dare, ko a cire shi.
Helve ta karanta a tsaye, ko rigar sanyi ba ta tuɓe ba,
ta ce, "Ina biro?"
Na ce ai mu ma da tsoro aka yaye mu,
kakata ta sha ba ni labarin abin da ke kwance
ƙarƙashin ƙanƙarar tafki, ga ni kuma, ban mutu ba.
Ta ce, "Kakarka tana riƙe da hannunka take ba ka.
Talabijin ba ta da hannu."
Na rasa ta cewa. Na wanke kwanuka.

Piret, shekara shida, haƙoran gaba biyu babu,
daga bayan kujera take kallo, ido ɗaya a waje.
A kashe, ta yi kuka. A kunna, ta ɓuya.
Ran Lahadi na ɗora ta kan teburin kicin,
na ce rufe ido.
Na murɗa.
Ta zabura, ta buɗe, ta ga ganye a hannuna,
dariya ta ƙwace mata har da shaƙuwa.
Ta karɓa ta yi ta murɗa
har miyar dare ta ƙare a ƙasa.
Na dubi Helve kamar wanda ya ci shari'a.

Ƙarfe biyun dare sai ga ta bakin ƙofa, ƙafa ba safa.
"Baba, ba dodon ba ne."
To mene ne?
"Yaron gidan ƙarshe.
Da fitila ta mutu ya kira mamarsa.
Ba wanda ya amsa."

Na san wurin. Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Darakta ya so a sa goge, ni na hana,
na ce a bar shi fayau, ko iska kar ta motsa.
Na yi alfahari da wannan shirun,
har a gidan shayi na ba abokai labarinsa.
Yanzu ga ni da gajeren wando a bakin gado,
babu abin da zan ɗauko daga kwando
in ce duba, wannan ne kawai.

Helve ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ɗaga bargo.
Piret ta kutsa tsakaninmu, ƙafafu kamar kifin firji.
"Mama."
"Na'am."
Shiru.
"Mama."
"Na'am."
Sau bakwai na ƙirga,
tana jefa kira cikin duhu kamar mai gwada zurfin rijiya,
kowane jifa kuma ya taɓa ruwa.
A na takwas barci ya riga ta.

Takardar Malama Reet tana jikin firji har yau,
sunan Helve a layi na arba'in da biyu,
na ƙasa da shi fari fat.
Ban cike ba, ban kuma yage ba.
Ɗazu Piret ta tambaye ni saura kwana nawa Asabar,
ta ce kar a fara ba ita,
wai yaron yana can shi kaɗai tun makon jiya.