Numfashin Tasallah

Ni ne yayanta, mai riƙe sandar ɗaukar murya.
Ba a ganina a allo, sai in hannuna ya gaji,
inuwar sandar ta sauko, darakta ya ja tsaki.
Amma abin da kunnena ya sha, ido bai gani ba.

Kwana arba'in gare ta ranar da ta kama aiki.
'Yar tsanar da aka tanada an manta ta a Fagge,
sai Baba ya kwance ta daga bayan Inna,
ya ɗaga ta a gaban kyamarar gidan talabijin
yana rantsuwa wai ba 'yarsa ba ce.
Ta tsula masa fitsari a babbar rigar aro.
Kano ta yi sati tana dariya.

Haka gidanmu yake.
Kaka ya shekara ashirin yana kukan jaki a rediyo,
yana saukar da ruwan sama da shinkafa a faranti.
Inna ta ɗinka gemun auduga ya fi ɗari.
Baba ya mutu sau goma sha ɗaya kafin ya rasu.
In an ji kuka a tsakar gidanmu
maƙwabta kan leƙo ta katanga:
na gaske ne, ko gwaji kuke?

Da ta tasa aka ce, me ta iya?
Sunan ubanta ne ya buɗe mata ƙofa.
Ba ƙarya, ya buɗe.
Amma ni na san daren nan a titin gidan Zu,
a ɗakin da aka liƙe bangonsa da katifa,
tana maimaita kalma guda, "Tafi,"
sau sittin,
har ta samo wadda ke nufin "Zauna."

Sai zamanin kaset, Ƙofar Wambai ta cika da fuskarta.
Mata a Kantin Kwari suna kiran atamfa da sunanta,
ita kuwa tana bin furodusa dubu bakwai
da har yau yake cewa gobe.
Wani ya tofar da yawu da ta gifta a Gwammaja,
da magariba matarsa ta aiko yaro neman hoto.
Ta bayar. Ta haɗa da alawa.

Kaset ya mutu, faifai ya bi shi,
fim ya koma cikin waya, ana tura shi kamar gulma.
Waɗanda suka fara tare, wasu Dubai, wasu kabari.
Ita tana nan, da jakar kayanta a bayan Adaidaita.

Kwana huɗu da binne Baba
akwai fitowar da sai ta yi dariya.
An biya gidan haya, an zuba wa janareta mai.
Ta yi.
Har yau mutane na yanko dariyar nan suna aika wa juna.
Ni kaɗai na ji abin da ya riga ta:
numfashi ɗaya, dogo, mai rawa,
kamar guga yana hawowa daga rijiya mai zurfi.
Ban ba mai tacewa ba. Yana wurina.

Yanzu uwa take fitowa.
Ɗan nata na fim ya girme ta da shekara biyu,
ana shafa mata hoda a gira, tana yi masa faɗa.
Sababbin yara ta kan ƙwace musu man zafi:
kar ki sa a ido, ki tuna wani abu.

'Yarta Mardiyya ta ce ita kam magani za ta karanta,
gadon nan ya tsaya a kanku.
Tasallah ta ce madalla, har da goro ta raba.

Jiya muna hutun azahar a Gyaɗi-gyaɗi
yarinyar ta kawo mana abinci,
ta tsaya tana kwaikwayon malamar lissafinsu,
har da ɗingishin, har da gyaran tabarau.
Masu fitila suka faɗi ƙasa.
Uwar ba ta ɗago daga kwanonta ba.

Sai dai ta manta makirfo na maƙale a wuyan rigarta.
Na ji cokalin ya tsaya.
Na ji numfashin nan kuma.