Maɗaurin Agogo

A Braga ruwan sama ba ya sallama,
tun Oktoba yake ƙwanƙwasa taga.
Na ture kofin gahawa da guntun burodi,
teburin kicin ya zama wurin dukanci.

Shekara talatin da ɗaya a gidan waya
ina buga hatimi kan wasiƙun mutane.
Hannun da ya saba da takarda
yau ga shi yana shafa fatar ɗan maraƙi,
yana neman inda ta yi kauri, inda ta yi laushi.

Agogon Amadeu ne ya kawo ni nan.
Maɗaurinsa ya tsinke a makon da aka kwantar da shi.
Ya ce, "Ajiye, Filomena, in na fito zan gyara."
Na ajiye.
Damina biyu ke nan agogon yana tafiya shi kaɗai
a cikin gwangwanin biskit, tare da maɓallai.

Ran Asabar mukan taru mu biyar
a bayan shagon Belmiro mai gyaran takalma,
duk 'yan koyo, duk da furfura,
kowa da ledar kayansa da tasa fatawar.
Graciete ta ce a jiƙa fata kafin a zana,
Custódio ya ce kul, ruwa maƙiyinta ne.
Wannan ya ce huji takwas, wancan ya ce shida,
har hannu ya kai ga dukan tebur.
Belmiro dai yana wasa wuƙa, bai ɗago ba.
Da hayaniya ta lafa ya ce,
"Dakusasshiyar wuƙa ita ke yanka mai ita."
Ya miƙo mini dutsen washi.

Kayana ba su da yawa:
basilla ɗaya, allura biyu marasa tsini,
ƙarfen huji mai haƙora kamar cokali mai yatsu,
gudumar katako, rular ƙarfe,
da dunƙulen kakin zuma mai ƙanshin ƙauyen kakata.

Na fara da kwalin taliya.
Na zana, na yanka, na naɗa a wuyan hannu,
ya yi yawa.
Sai na tuna awon hannunsa nake yi.
Na zauna shiru har shayi ya huce,
sannan na rage da faɗin yatsa biyu.

Fata ba ta san gafara ba.
Takarda a goge, tsumma a warware,
ita kuwa in ka huda, ka huda.
Uku na ɓata. Ta farko wuƙa ta zame,
ta biyu na matsa da yawa bakin ya yage,
ta uku kyanwar maƙwabta ta yi gaba da ita.

A ta huɗu hannu ya fara jin magana.
Allura ta dama ta shiga, ta hagu ta bi ta,
su haɗu cikin rami ɗaya, su rabu, su sake haɗuwa.
In ja zare har ya yi ƙara,
in goge gefe da kaki da guntun katako
har ya ɗau sheƙi kamar bayan ƙwaro.

Ɗinki na goma sha huɗu ya karkace.
A lokacin ƙararrawar coci ta buga shida,
sa'ar da yakan murɗa mabuɗi a ƙofa,
na ɗaga kai.

Custódio ya gani, ya ce a sake.
Graciete ta ce rini zai ɓoye.
Belmiro ya juya shi a tafin hannu, ya ja, ya lanƙwasa,
ya ce, "Zai riƙe."

Yanzu yana hannuna.
Fatar ta fara duhu inda gumi ke taɓawa.
Agogon yana gaba da minti huɗu,
yadda ya bar shi don kada bas ta wuce mu.
Ban gyara ba.