Matakala Goma Sha Bakwai

Takardar gayyata ta zo da ruwan zinare a gefe:
"Muna maraba da kowa."
Na karanta kowa sau biyu,
na cusa ta a jaka tare da maƙalata
kan ruɓewar albasa a rumbunan Gada da Wurno.
Shekara huɗu ina shinshinar asarar mutane,
ina rubutawa.

Mun haye gadar Kwalkwalawa da hantsi,
kekena a naɗe a bayan mota,
rana ta soma cin ƙeya.

Zauren yana bene.
Kafin a faɗa mini na ƙirga:
goma sha bakwai.
Ƙirgan matakala sana'ata ce ta biyu,
ita ce ba a ba ni digirinta ba.

Samarin kwamiti suka taho da gudu, da kirkinsu:
"Dakta Kulu, bari mu ɗauke ki, ba komi."
Ba komi gare su.
An taɓa ɗauka ta haka,
buhun gero da mayafi,
na isa gaban farfesoshi ina gyara zani,
jimlar farko ta tsere mini.
Na ce a'a, na gode.

Gindin dogonyaro na tarar da Malam Modi
ya jingine sandarsa, yana fifita da jadawalin taro.
Ya hau, ya ce, har ya sami kujera,
amma mai magana ba shi da zance sai
"kamar yadda kuke gani a nan."
"Na ji nan ta fi ashirin, ban san garin da take ba."

Ige ta sauko daga baya.
Ta rubuta a tafin hannunta ta miƙo mini:
makirfo ya rufe musu baki.
Safiya guda tana farautar leɓe.

Mu uku, da ilimin da ya isa cika rumbu,
muna jin tafi ta taga.
Ige ko tafin bai same ta ba.

Ƙarfe sha biyu manya suka sauko,
shayi da sambusa dai a ƙasa aka ajiye su.
Shugaban taro ya gan mu, kofi a hannu:
"Wallahi ba mu yi tunani ba."
Na ce na yarda.
Na ba shi bayan jadawalin Malam Modi,
mun cika shi da biro, har gefe.

Bana fam ɗin rajista ya zo da sabon layi:
me kike buƙata?
Na daɗe ina kallon layin nan.

An sauko da taron ƙasa.
Altine magini ya zuba gangare a bakin ƙofa,
tsaye kamar bangon rijiya.
Na ce, zauna kekena ka hau.
Ya tura, ya tura, keke ya dawo da shi baya.
Ya yi dariya: "Wanga aiki sai an sake."
Ya ɗauko guduma.

Maƙalu sun isa wayar Malam Modi tun mako guda,
ta karanta masa su a Runjin Sambo, bayan isha'i.
An tsayar da mai fassara inda haske ke faɗa wa hannuwanta,
Ige ta yi tambaya biyu, ɗaya ta sa wani zufa.
Ƙofar banɗaki har yau ta fi kekena ƙunci,
na rubuta, zan sake rubutawa.

Da na gama, wani farfesa ya miƙe,
bai tausaya mini ba ko kaɗan:
alƙaluman Wurno sun yi ƙaranci, in ji shi,
rumbu tara ba hujja ba ce.
Na ji jinina ya motsa.
Na jawo makirfo kusa.
Dama abin da na zo nema ke nan.