Wanda Ya Cinye Littafin Bashi

Ranar Talata na buɗe shago da sassafe,
masu shayi ba su gama hura wuta ba,
wani zarni ya tarbe ni tun daga ƙofa.
Na ce ruwan kwata ne ya kwana,
ban kawo a raina ba, wai ɓera.

Shinkafar Bakolori, buhu bakwai a jingine,
a gindinsu wasu baƙaƙen ƙwayoyi,
tsawon shinkafa, amma ba ita ba ce.
Na sa tsintsiya na tura su cikin shara.

Sabulu ya kwana da shatin haƙora.
Na zargi Nomau, yaron shagona,
har na yanke masa kuɗin abincin rana.
Yaro ya haɗiye, bai kai ni ko'ina ƙara
ba, sai dai ya daina yi mini hira.

Sai ran da na jawo littafin bashi
daga ƙarƙashin kanta, zan bi Arzika mai faci:
shafi huɗu sun zama gari.
Sunan Arzika babu, na Tumba mai waina babu,
gero kwano goma sha biyu, man gyaɗa kwalba tara.

Na zauna kan benci ina dariyar da ba daɗi.
Ɓarawon da bai fasa kwaɗo ba,
bai ɗauki ko sisi ba,
ya yafe wa rabin unguwa bashi,
ni ya bar ni da asara.

Labbo maƙwabcina ya ce a sa guba.
Shi ya sa da damina, cikin tuwon dawa:
kajin matarsa shida suka riga ɓeran ci,
autansa da ƙyar aka fizge lomar a hannunsa,
wanda ya ci kuma ya je ya mutu cikin rufi,
mako biyu ɗakin ba ya shiguwa.
Na ce, Labbo, a sake dabara.

Da dare na barbaɗa toka a bin bango.
Da safe ga sawu ƙanana, ga jan wutsiya a tsakiya,
ga baƙin maiƙo inda jikinsa ke gogar bulo,
har zuwa rami a bayan duro,
inda tsintsiyata ba ta leƙa ba tun bara.

An ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.
To daddawar ni ce.
Buhu a ƙasa, tsaba a zube, randa a buɗe,
kwalaye jibge tun azumi.
Ni na shimfiɗa tabarma, ni na yi kira.

Muka fitar da kaya kaf, ni da Nomau, rana na dukanmu.
Siminti da fasassun kwalabe muka ɗura wa ramin,
maƙeri ya buga langa-langa a ƙasan ƙofa,
buhuna suka hau katako, taki guda nesa da bango,
suga da gari suka shiga duro mai murfi.
Kwana biyu ban yi ciniki ba, ina gyara.

Tarko uku a gindin bango, ƙuli-ƙuli a bakinsu.
Daren farko ya ƙi, shi ma da tasa basira.
Na uku, ƙas!
Na sa leda a hannu, na haƙa rami mai zurfi,
don Hajo ta asibiti ta ce fitsarinsa da kashinsa
kan kawo zazzaɓin da ba a wasa da shi.
Rabin buhun da ya jiƙa na binne tare da shi,
in dai iyalin wani za su tsira.

Jiya Arzika ya zo da ƙafarsa.
Ya ce kwano uku ne, na ce ban tuna ba, ya ce shi ya tuna.
Tumba ta ce biyu. Ina jin huɗu ne. Na karɓa.
Nomau na mayar masa da kuɗinsa, na kasa haɗa ido da shi.
Sabon littafi yana kwana cikin babban gwangwanin madara.

Yanzu kafin in rufe shago a Mafara
nakan barbaɗa toka, in kama hanyar gida,
da safe in durƙusa in duba
ko an bar mini wani saƙo.
Yau kwana goma, takardar tana nan fara.