Allurar da Ta Ƙi Tashi

Wata uku ina yabon babur ɗina a Oruro.
Na wasu yana tafasa a hawan dutse,
su tsaya gefen hanya suna fifita,
nawa kuwa allurar zafinsa tana kwance
kamar karen da ya ƙoshi.
Na ce na yi dace.

Sai fetur ɗin da ke kai ni Challapata ya dawo da ni
ya fara ƙarewa a rabin hanya,
cuku ashirin a bayana, iska tana yankan kunne,
ina turawa, raƙuman dawa suna kallona.

Fermina Apaza tana da rumfa bayan tashar jirgi.
Hularta a rataye jikin ƙusa,
ganyen koka a kumatu, kitso biyu a cusa cikin riga.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Ta kwance fulogi, ta ɗaga shi ga haske:
baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.
Ta buɗe murfin baƙin mai, ta lakato da yatsa,
wani abu fari-fari ya biyo.
Ta ce, "Nicasio, har cikin inji kake zuba cukun?"
Ban yi dariya ba.
Ta ce raɓa ce, wadda zafi ya kamata ya kora,
ta rasa mai korarta, ta zauna.

Na ce ai sanyi lafiya ne.
Ta ce, "Gawa ma ba ta zazzaɓi."

Ta fara da allura, don allura ma tana ƙarya.
Ta zare waya, ta taɓa ta jikin ƙarfe,
allura ta zabura har ƙarshen ja.
To, mai gaskiya ce, ba ita za a tuhuma ba.

Muka jira inji ya huce sarai.
Ta ba ni kunun jar masara a kofin gwangwani.
Jirgin ma'adinai ya wuce, rumfa ta girgiza.
Sannan ta buga kik, ta kama hannuna
ta ɗora kan tiyon lagireto.
"In ƙofar ruwa tana aikinta,
nan zai yi sanyi, ya yi sanyi,
sai zafi ya zo gaba ɗaya ya cije ka."
Bai cije ni ba.
Ɗumi ne ya taho tun farko, a hankali,
irin na shayin da aka manta da shi.

Noti biyu. Ta ɗaga murfi.
Muka leƙa, kanmu ya haɗu.
Babu komai. Gurbi kawai, da zoben tsatsa.

"A ina ka saye shi?"
Na ce daga Santa Cruz aka hawo da shi.
Ta gyaɗa kai. Can ƙasa, inda kwalta ke narkewa,
wani ya ji tsoron zafi, ya cire ƙofar ya yar,
ya bar ruwa yana zagaye ba birki.
A can dabara ce. A nan sama ciwo ce.

Ta zazzage gwangwanin biskit, ta tsinci wata,
ta ɗaura mata zare, ta tsoma a butar shayi.
Ruwan garinmu yakan tafasa tun bai gama zafi ba,
muka tsaya kansa kamar masu jiran haihuwa.
Daf da tafasa ta buɗe baki,
ɗan kaɗan, kamar ɗan tsako.

Na biya da kuɗi, na cika da cuku biyu.

Yanzu allura tana tsaye a tsakiya,
ƙaurina yana jin ɗumin inji har Challapata.
Sai dai tun daga ranar nake tuna Hilarión,
ɗana da ya sauka can ƙasa neman aiki.
Shekara biyu bai ɗaga min murya ba,
bai yi kuka da komai ba.
"Lafiya lau, Baba." Kullum haka.
Har a kasuwa na yabe shi.

Daren jiya na kira shi.
Da ya ce lafiya lau, ban ajiye ba.
Na riƙe wayar da tafin hannu,
ina jira.